Daga Sha-ka-fashe Zuwa Allurar Ramewa

Wuyan Innata ya daɗe yana ba mu labari, mu ne ba mu iya karatunsa ba. Ƙanwar mahaifiyata ce, mace mai jiki, irin wadda idan ta shigo gidan biki ake matsa mata a kan tabarma ana cewa Hajiya lallai hutu ya karɓe ki. Wajen shekara shida kafin a ce tana da ciwon suga, bayan wuyanta ya soma duhu, wani irin baƙi mai kauri da laushi kamar karammiski. Ta ɗauka dauɗa ce. Ta dirje shi da soso da sabulun salo har wurin ya saɓule, ta goga lemon tsami, wata maƙwabciya ma ta kawo mata man bilicin. Wuyan nan ko gezau. Sai da ƙishirwa ta hana ta barci, tana tashi fitsari sau biyar sau shida a dare, har jikanta ya lura kiyashi na taruwa a bakin makewayi, sannan muka kai ta asibiti. Da likita ya ga sakamakon jini sai ya ce ta ɗan sassauta mayafi. Ya dubi wuyan ya ce, "Hajiya, wannan tun yaushe?" Ta ce, "Ai ya daɗe, likita, ba ya jin sabulu." Ya ce, "Ba zai ji ba kuwa."

Duk abin da muka ci na tuwo, shinkafa, biredi ko fura, ciki yana mayar da shi suga ya zuba a jini. Zaman sugan a jini ba ya amfanar kowa, sai ya shiga tsoka da hanta da kitse, kuma ba ya shiga gaba gaɗi. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke sakin insulin. Shi insulin homon ne, wato ɗan aiken jiki, guntun furotin da aka jera daga ƙananan tubala 51. Aikinsa irin na yaron da ake turawa cikin gida ne a ce je ka ce ana sallama da maigida. A jikin mai lafiya yaro ɗaya ya isa, a buɗe wa suga ƙofa ya shige. Idan kitse ya taru a ciki, musamman wanda ya lulluɓe hanji da wanda ya shige cikin hanta, sai mutanen gidan su fara kunnen ƙashi. A aiki yaro ɗaya shiru, a aiki biyu, a aiki biyar. Shekaru ana haka, kuma ko an auna suga sai a gan shi daidai, domin fankiriyas tana ninka aikinta a ɓoye. Yawan insulin ɗin nan ne ke sa fatar wuya da hammata ta yi kauri ta yi duhu. Shi ne kuma ke umartar jiki ya ci gaba da ajiye kitse kada ya ƙona, kitsen kuwa ya ƙara toshe kunnen. Ranar da fankiriyas ta gaji suga ya hau, ranar muke cewa ciwo ya kama wane, alhali baƙon ya shekara goma yana zaune a zaure.

Akwai wani ɗan aiken da ya fi insulin tashe a duniya yanzu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Tun a shekarun 1960 masu bincike suka lura da abin mamaki: idan mutum ya sha suga ta baki, jikinsa na sakin insulin fiye da idan an ɗura masa adadin ta jijiya. Ashe hanji yana riga jini kai labari. Sai a shekarun 1980 aka kama mai kai labarin, ta hannun Svetlana Mojsov da Joel Habener a birnin Boston na Amurka, da Jens Juul Holst a ƙasar Denmak. Sunansa GLP-1. Ƙwayoyin halittar da ke jikin hanji ne ke sakinsa da zarar abinci ya iso. Yana gaya wa fankiriyas ta saki insulin, amma sai in suga ya hau. Yana sa a dakatar da saƙon da ke tura hanta ta zuba nata sugan. Yana sa tumbi ya daina gaggawar miƙa abinci gaba. Sannan ya hau ƙwaƙwalwa ya ce an ƙoshi, a tsame hannu daga kwano. Aibinsa ɗaya, ba shi da tsawon rai. Cikin kamar minti biyu wani sinadari a jini ya ragargaza shi, don haka ba a ga yadda za a yi magani da shi ba.

Mafitar ta fito daga inda ba wanda ya zata. A 1992 wani likita mai suna John Eng, a asibitin tsofaffin sojoji da ke Bronx a birnin New York, ya gano wani sinadari mai kama da GLP-1 a cikin dafin wani ƙadangare da ake kira Gila, mai jiki kamar na damo, wanda ke zaune a hamadar Amurka da Meziko. Na ƙadangaren yana kwashe sa'o'i bai lalace ba. Daga shi aka yi allurar farko da aka amince da ita a 2005, ana yinta sau biyu a rana. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya bi sawu har ya kai ga sinadarin semagulutayid da ake yi sau ɗaya a mako, ya fitar da shi da sunan Ozempic a 2017 domin masu ciwon suga, da sunan Wegovy a 2021 domin masu ƙiba. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya zo da Mounjaro a 2022, wadda ke kwaikwayon homon biyu a lokaci guda.

Kuma allurar tana aiki, wannan ba abin musu ba ne. A gwajin da aka buga a 2021 a kan mutane kusan 2,000, waɗanda suka yi mako 68 suna allurar semagulutayid sun zubar da kimanin kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu. Mai kilo 100 ya dawo 85 ke nan. Da kitsen ciki da na hanta ya ragu, kunnen jiki ya buɗe, insulin kaɗan ya koma isa. Wani gwajin na 2023, a kan mutane fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, ya nuna raguwar kashi 20 cikin ɗari a bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwar da suke jawowa. Sai dai da aka bi sawun waɗanda suka daina allurar, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo.

Wannan jumla ta ƙarshe ta fi sauran koya mini abu. Mutumin nan shi ne dai na jiya, haƙurinsa da imaninsa da tarbiyyarsa ba su canza ba. An ƙara masa ɗan aike ɗaya a jini ya daina jin abinci na kiransa, an janye ɗan aiken kiran ya dawo. Tun 1994 ma aka fara ganin haka, lokacin da Jeffrey Friedman ya gano homon leftin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa, aka ga ɓerayen da ba su da shi suna ci ba ƙoshi. Saboda haka duk wanda ke duban mai teɓa yana cewa haɗama ce ko son jiki, ya san cewa yana yanke hukunci a shari'ar da bai ji ta bakin shaidu ba. Ba na cewa mutum ba shi da hannu a abin da yake kaiwa bakinsa. Ina cewa ne ba nauyi ɗaya kowa ke ɗauka ba idan aka ce a ture kwano.

Mu kuwa namu ya fi na Turawa sarƙewa, domin baki biyu gare mu a kan ƙiba. Da safe mu yaba, da yamma mu yi ba'a. Namiji ya ajiye tumbi, a ce Alhaji kuɗi sun zauna. Amarya ta yi wata uku ba ta ciko ba, dangi su fara ƙus-ƙus, ko mijin ba ya cefane, ko wani ciwo take ɓoyewa. Siririyar budurwa kuwa tun kafin a sa rana ake fara yi mata haɗi. Daga nan ne kasuwar sha-ka-fashe ta samu gindin zama. Sunan kaɗai ya isa gargaɗi, amma ana saye ana dariya. Abin da ke cikin irin waɗannan ƙwayoyi galibi maganin ƙaiƙayi ne mai buɗe ciki da sa barci, da kuma deksametason, wanda maganin kumburi ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi. Wadda ta daɗe tana shan sa, fuskarta za ta yi zagaye kamar faifai, kitse ya taru a ciki da doron wuya, hannu da ƙafa su sirance, ƙashi ya yi rauni, jini ya hau. Uwa uba, yana toshe kunnen jiki ga insulin kai tsaye. Wato abin da ya ɗauki Innata shekaru kafin ya same ta, yarinya 'yar shekara goma sha tara tana sayensa a ƙulle cikin leda da kuɗin hannunta.

To ga tsorona. Ta ƙofar da sha-ka-fashe ta shigo, ta nan allurar ramewa za ta shigo. Abin da ya tsare mu zuwa yanzu tsada ce kawai. Farashin da aka sa wa Ozempic na wata guda a Amurka ya haura dala 900, har darajar kamfanin Novo Nordisk a kasuwar hannun jari ta zarce abin da ƙasar Denmak gaba ɗaya ke samarwa a shekara, a 2023. Amma wani nazari da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa ana iya haɗa maganin wata guda a ƙasa da dala 5 kuma a ci riba. A 2026 haƙƙin mallakar sinadarin yake ƙarewa a ƙasashe irin su Indiya da Sin da Brazil, kuma kowa ya san daga ina yawancin magungunan da ke kemis ɗinmu suke fitowa. Idan farashi ya faɗi, masu sayar da kayan mata a TikTok da Instagram ba za su jira izinin kowa ba. Wadda ta sha ƙwaya ta kumbura don biki, za ta nemi allura ta saɓe bayan haihuwa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Allurar kuwa ba alewa ba ce. Tana sa tashin zuciya da amai da gudawa ko taurin ciki, musamman a farko, shi ya sa ake fara ta kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Tana iya jawo tsakuwa a matsarmama, wani lokaci kumburin fankiriyas ɗin kanta. Ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka. Mai ciki ba ta yinta. Ga kuma jabu. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a ƙasar Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta jabu sugansu ya faɗi warwas, domin abin da ake zaton an ɗura a ciki insulin ne. A watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin an kama na jabu a Brazil da Ingila da Amurka. Idan haka ta faru a ƙasashen da ba a sayar da irin wannan sai da takardar likita, ina ga inda ake tallar magani a baro cikin rana?

Na san abin da wani zai ce: Malam, mutane na kwana da yunwa kana maganar ƙiba? Gaskiya ne, kuma yaran da ke cibiyoyin tamowa a Arewa sun fi kowa cancantar a fara da su. Amma yunwa da ciwon suga ba abokan gaba ba ne, 'yan ɗaki ɗaya ne. An bi rayuwar waɗanda ke cikin mahaifa lokacin yunwar da aka yi a Holand a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, 1944 zuwa 1945, aka ga da suka manyanta jikinsu ya fi na tsaransu kasa sarrafa suga. An ga makamancin haka a Inugu, a kan waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa. Jikin da ya taso cikin rashi yana koyon ƙeƙe-da-ƙeƙe da duk abin da ya samu. Ranar da mai shi ya shigo birni ya haɗu da fulawa da lemon kwalba da zaman kan babur, sai ciwo ya same shi tun bai yi wata ƙibar a zo a gani ba. Shi ya sa asibitocinmu ke cike da masu suga sirara, waɗanda allurar ramewa ba lallai ta dace da su ba. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a Afirka, fiye da rabinsu ba su sani ba, kuma adadin zai kai miliyan 55 a 2045.

Yau Innata tana kan insulin. Tana ajiye kwalbar cikin wani ƙaramin gwangwani da ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa, domin wuta ba ta tsayawa balle a yi zancen firiji. Watannin baya na tarar ta rage adadin da likita ya ce ta riƙa yi. Na ce, "Inna, don me?" Ta ce, "Kai ɗan nan, so nake ta kai ni ƙarshen wata. Kai ma da naka iyalin." Na rasa ta cewa. Maganin nan an gano shi tun 1921 a Toronto ta ƙasar Kanada. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson, ya tashi daga bakin kabari. Frederick Banting da abokan aikinsa biyu suka sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakar a kan dala ɗaya kowannensu, don kada kuɗi ya hana kowa samu. Shekara ɗari bayan haka kamfanoni uku ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar insulin ta duniya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin rabin masu ciwon suga na manya da ke buƙatarsa ba sa samu. Biyu daga cikin kamfanonin nan uku su ne masu sabuwar allurar. Wanda ya ga yadda aka yi da tsohon ɗan aike, ba zai saki jiki da alkawarin sabon ba.

Duk da haka ina son allurar ta zo, kuma ina son ta yi araha. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukunin magani cikin jerin magungunan da ba a rasawa, domin masu ciwon suga da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda. Waɗannan su ne 'yan layin gaba, kuma su ya kamata gwamnati ta yi wa ciniki tun yanzu, ta saya da yawa kai tsaye daga masu haɗawa, ta sa shi cikin inshorar lafiya tare da insulin da tsinken gwaji. NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna kuma su ɗauka cewa kayan sun riga sun iso. Dokar sai da takardar likita tana nan a rubuce, deksametason ma ai tana ƙarƙashinta, kuma mun ga inda ta tsaya.

Akwai kuma abin da ya fi allura sauƙi wanda muka ƙi yi. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a san inda mutum yake. Me zai hana duk wanda ya haura shekara arba'in, ko mai baƙin wuya, ko wadda ta taɓa haihuwar jariri mai girman gaske, a auna shi kyauta a asibitin sha-ka-tafi na unguwa? Da an yi wa Inna haka, da wataƙila ƙwayar metfomin mai arha da gyaran ci sun riƙe ta shekaru. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya aka buga a 2017, kusan rabin masu ciwon da suka bi tsarin rage nauyi mai tsanani ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya an tarar bayan shekara guda sugansu ya daidaita ba tare da magani ba. Kuɗin gwajin yatsa kuwa akwai inda za a samo shi. An sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Naira goma ba ta hana kowa sha, kuma kuɗin ya shige babbar tukunyar gwamnati ba a ware shi ga lafiya ba. Da Birtaniya ta sa nata a 2018 bisa yawan sugan da ke cikin kwalba, kamfanoni da kansu suka rage zaƙin don su tsira daga harajin. Hanyar a fili take.

Ragowar yana teburin mai shayi. Ka tsaya ka ƙirga wata safiya: cokali huɗu na suga, madarar gwangwani mai zaƙi, rabin biredi, kuma mai shayin zai tambaye ka ko a ƙara. Hanjin da ke sakin GLP-1 na Allah da Annabi ya fi amsa wa abinci mai furotin da dusa, irin wake da zogale da gero da ba a surfe shi ya yi fari tas ba. Ba zai yi ƙarfin allura ba, kada wani mai tallar gari ya ruɗe ka da cewa nasa Ozempic ɗin gargajiya ne. Amma kwanon ɗan wake yana riƙe ciki har azahar, shayi da biredi kuwa ƙarfe goma sha ɗaya ba ta yi sai hannu ya fara rawa.

Makon jiya na shiga wani kemis sayo wa Inna sirinji. Ina jiran canji sai na tambayi yaron shagon ko suna da allurar nan ta rage ƙiba da ake nunawa a waya. Ya dube ni sama da ƙasa ya yi murmushi. "Yallaɓai, ta madam ce? Babu a ƙasa, amma in ka ajiye wani abu jibi za a kawo maka." Na ce ai ba ni da takardar likita. Ya ce, "Haba yallaɓai, wace takarda kuma?" A kan kantar da ke bayansa, daidai kafaɗarsa, fakitin deksametason ne jere reras.